Gurbin Bassu Ya Cika

Asabar, bayan la'asar

Mun dawo da maigidana Bassu gida daga asibitin Azru. Mimun, babban ɗanmu, shi ya goyo shi daga mota har ɗaki, tsohon kuwa ya rufe ido wai shi mai barci. Ƙarya yake yi. Ni Tuda da na tsufa ina jin munsharinsa, ni zai yi wa barcin ƙarya?

Ba zan rubuta abin da ya faru a bakin rafi ba. Kowa a ƙauyen nan ya ba da labarin, har waɗanda suke kasuwa a ranar. Abin da ya rage mana dai shi ne ɓarin dama ya daina yi masa biyayya, hannu da ƙafa, bakin ma ya ɗan karkace. Magana tana fita, amma sai ta ga dama. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa in jiki ya sami ƙarfi, ƙarfi kuma sai da ci.

Da Mimun zai shiga mota ya ja ni gefe. "Inna, zan dawo in an gama tsinkar tuffa. In na tarar bai murmure ba, zan tafi da shi wurina a birnin Miknas kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Can ga asibiti kusa."

Na ce to. Me zan ce? Yaron tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Amma a kai Bassu saman bene, ba rafi, ba tumaki, sai ƙarar motoci? Mutumin da in ya je kasuwar Talata yake dawowa yana cewa iskar gari ta ƙare? Wallahi in aka kai shi ba zai ga bazara ba, ni na sani.

Lahadi, da hantsi

Gida ya cika taf. Yaya Hadda, yayar Bassu, ta iso da ƙullin kayanta, ta ce ba inda za ta sai ƙaninta ya miƙe. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, har yau kuma kallon yaro take masa, da furfurarsa da komai. Ta karɓe ƙofa, kowa ya yi sallama sai ta ce, "Shigo, shigo, zumunta a ƙafa take."

Kowane mai dubiya da dunƙulen sukarinsa a hannu. Na jera su a bayan ƙofar madafa har sun fara kama da shago. Maza suna ɗakinsa tun safe, an jingina shi da matasai a tsakiyarsu, Assu mai awaki, abokinsa tun suna yara, yana ta zuba shayi yana ba da labarin kowa da ya taɓa irin wannan ciwon ya mutu. Allah Ya shirya Assu.

Rabha, 'yarmu, ta bar mijinta da yara ta zo taya ni. Tun asuba muke gasa gurasa.

Litinin, magariba

Bai ci ba. An ajiye kaskon tajin, nama da kayan lambu, a gabansa, maza suka kewaye, ya ɗaga musu kai alamar bisimilla, su suka ci, shi ya kalle su.

Talata, magariba

Bai ci ba. Shayi kawai, shi ma sai da suka fita salla.

Yaya Hadda ta kawo kunun sha'ir da cokali, ta durƙusa a gabansa cikin mutane tana cewa, "Ha, ɗan ƙanina, ha." Ya juya fuska bango. Ta fito tana share hawaye, wai asibiti sun lalata masa ciki.

Alhamis, bayan azahar

Na gudu rafi da sunan wankin kofuna. Gaskiya kunnena ne ya gaji.

Ruwa ya ja baya sosai, masu lambun tuffa sun janye rabinsa. A ƙarƙashin gada sai gurbin nan ɗaya da ya rage mai ɗan zurfi, wanda yara suke kira gurbin Bassu. Na leƙa, sai na ga ƙasan ruwan baƙi ƙirin yana motsi. 'Ya'yan kifin bana ne, masu jan ɗigo a jiki, duk na wannan yankin sun tattaru a wuri ɗaya. Zalɓe yana tsaye a gefe kamar wanda aka gayyata biki, ko tashi bai yi ba da ya gan ni.

Na tsuguna na daɗe ina kallonsu. A bakin gurbin, inda ruwa yake shigowa da ƙwari, 'yan ƙalilan ne masu ƙiba suka tare wurin. Kowa ya matso sai su kore shi. Sauran suna can gefe a cunkushe, kai babba, jiki kamar tsinke. A irin wannan lokacin ya kamata a ce sun kai tsawon yatsa, waɗannan ko rabi ba su yi ba.

Shekarun da Bassu ya yi yana gadin rafi wa ma'aikatan daji, da waɗanda ya yi bayan sun sallame shi, ba abin da ban ji ba game da kifin nan, a kan abinci, a kan shimfiɗa, har a hanyar gidan biki. "Tuda, kowane ɗan kifi sai da dutsensa. Ya laɓe a bayansa, ya fuskanci ruwa, abinci ya zo ya same shi. In suka yi yawa, ƙarfinsu a faɗa yake ƙarewa, masu kunya kuma su haƙura da ci. Wanda bai yi kitse ba kafin sanyi, ba zai fita daga sanyi ba." Ni kuma in ce, "Da ka san halin 'ya'yanka kamar yadda ka san na kifi, da mun huta."

Duk ƙarshen rani shi yake kwashe su da koma da bokiti, ya hau da su gurabun sama, gaba da inda ake janye ruwa, ya raba su kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya sa shi. Aikin da ya fita yi ke nan ranar da ciwon ya same shi.

Bokitin yana nan a kife inda aka bar shi. Na ɗauko.

Juma'a, bayan sallar asuba

Na kama shi.

Na shiga kai masa ruwan ɗumi, kowa bai tashi ba. Na tarar ya jawo guntun gurasar jiya da hannun hagu, ya tsoma a man zaitun, yana kaiwa baki. Rabi ya shiga, rabi ya zubo a gemu da riga. Da ya ji motsina ya cusa hannun cikin bargo, kamar yaron da aka kama a tukunya.

Na ce, "Au, ashe cikin lafiya lau yake."

Can ya fito da hannun, ya ɗaga min shi. Sai da ya yi ta kokawa da harshe kafin ya ce, "Hagu." Ya nuna inda maza suke zama. Ya nuna gemunsa. "A gabansu?"

Oh ni Tuda! Mako guda ina dafa wannan in dafa wancan, ina zargin asibiti, ina zargin gishiri. Ashe mutumin nan yunwa ce take cin sa a gaban kwano. Bassu da ba a taɓa cin abinci a gidansa ba sai ya tura wa baƙo nama da hannunsa, shi ne zai sa hagu a kwanon jama'a, miya tana bin gemunsa? Ko a ba shi a baki kamar jariri, Assu yana kallo?

Na ce, "Liman ai zai gaya maka lalura ce, ba laifi."

Ya harare ni da ido ɗaya mai kyau. Ya san lalura ce. Ba Allah yake jin kunya ba, mutane yake ji.

Na zauna na gutsuttsura masa gurasar, na kau da kai ina gyaran labule wanda ba abin da ya same shi. Bai yi loma biyar ba aka yi sallama a ƙofa, ya ture kwanon. Na ji kamar in fita da muciya.

Juma'a, bayan la'asar

Na gwada Yaya Hadda. Na ce ko za a ɗan rage masu shiga, ya huta.

"Ke Tuda, kanki ɗaya? Baƙonka Annabinka. So kike a ce gidan ubanmu an kori masu dubiya? Mutane ai rahama ne."

Ban iya gaya mata dalili ba. Asirinsa ne, ba nawa ba.

Asabar, magariba

Bai ci ba, sai 'yar lomar asuba. Zoben azurfarsa ya zame daga yatsa, Rabha ta tsince shi a cikin bargo.

Lahadi, da hantsi

Jiya da na koma rafi zalɓe ya zama biyu. Ina tsaye ina zaginsu sai dabara ta faɗo min. Baƙo ba a korarsa, gaskiya ne. Amma ba a taɓa cewa ba a kiransa gayya ba.

Yau da ɗakin ya cika na yafa mayafi na tsaya a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Kofuna suka tsaya a iska.

Na ce, "Ku gafarce ni, iyayen gida. Maigida ya bar aiki a rafi bai ƙarasa ba, shi ne yake hana shi sukuni. Kifinsa suna mutuwa a ƙarƙashin gada. Gayya nake roƙo. Duk mai ƙaunarsa ya ɗauki bokiti."

Assu ya ce, "Lalla Tuda, uwargida, mu da muka zo dubiya?"

Na ce, "Ka duba shi har ka kusa ƙarar da shi da ido. Sukarin da ka kawo ma ka shanye abinka."

Aka fashe da dariya. Bassu ma kafaɗarsa ta motsa, na gani. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, don wa zai zauna a ce shi ne ya ƙi gayyar mara lafiya? Rabha ta ja gaba da komar babanta, ita ce ta bi shi rafi tun tana ƙarama. Yaya Hadda ta bi su da butar shayi, don ba za a ce an yi gayya a gidansu ba a sha komai ba.

Gida ya yi tsit. Na ji kukan kaza, rabon da in ji shi har na manta.

Na rufe ƙofa, na shimfiɗa masa tsohon zanena a ƙirji, na ajiye harira, miyar wake mai kauri, da ƙwai biyu. Na juya baya ina tsince alkama. Cokali yana ta karo da kwano, wani ya shiga, wani ya zube. Da na waiwaya kwanon ya bushe, yana lasar leɓe yana kallon tukunya.

Na ce, "A'a, tsoho, a bar wa 'yan gayya."

Ya ce, "Rowa." Sarai kalmar ta fito, ko gargada babu. Duk kalmomin duniya, wannan ce ta fara dawowa daidai.

Na shiga madafa na yi kukana.

Lahadi, bayan magariba

Sun dawo jiƙe sharkaf har gwiwa. Rabha tana ta faɗa. Wai Assu don kada ya hau tudu sau biyu ya cika bokitinsa da kifi fal, kafin ya kai sama rabi sun juya ciki. "Na ce masa, Baba Assu, daga cunkoso muke fitar da su, kai kuma ka sake haɗa musu wani a bokiti!" Shi kuwa wai ai ya ga suna son juna ne.

Ta ba babanta labari gurbi bayan gurbi, inda ta sa da yawa, inda ta sa kaɗan. Ya saurara da ido a rufe. Da ta ce ta zuba wasu a gurbin da ke ƙarƙashin dutsen birai ya buɗe ido ya girgiza kai, ya yi alamar rana da hannu. Wurin ba inuwa, ruwan yana ɗumi. Gobe za ta kwashe su.

Laraba, bayan azahar

Gayya ta uku. Mutane sun fara raguwa da kansu, wasu sun gano dubiyar gidan nan da ciwon baya take zuwa.

Yau Yaya Hadda ta manta sukari ta dawo ɗauka. Ban ji shigowarta ba. Na ɗaga kai kawai na gan ta a bakin taga, tana kallon ƙaninta da zane a ƙirji, hagu a cikin kwano, kuskus a gemu. Shi bai gan ta ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta janye a hankali.

Na same ta a madafa zaune a kan buhun gari.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Juma'a."

"Ni kuma ina bin sa da cokali a gaban maza." Ta ja hanci. "Yana yaro ma haka yake. In wandonsa ya yage, gara ya wuni a bayan ɗaki da a gani. Ni na raine shi, amma ke kika san shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na ce, "Yaya, kifi sun kusa ƙarewa a gurbin. Ban san abin da zan sake aiken mutane ba."

Ta miƙe ta gyara ɗamara. "Bar ni da su."

Alhamis, magariba

Ya ci. Yaya Hadda ta fitar da tabarmi ƙarƙashin inabi, ta kafa kujera a bakin ƙofarsa. Kowa ya zo sai ta ce, "Yana hutawa, likita ya hana. Zauna nan ka sha shayi." Ba wanda aka kora, ba wanda ya shiga. Bayan la'asar take barin mutum biyu su gaisa su fito. Da ni na yi haka da tuni an kai ƙarata gari bakwai.

Asabar, magariba

Ya ci sau uku. Ya ce gishiri ya yi yawa. Alhamdu lillahi, rashin kunya ta dawo.

Talata, da hantsi

An yi ruwan farko, rafi ya ɗan ɗago. Ya tsaya da sanda, Rabha a dama, ni a baya riƙe da rigarsa. Daga shimfiɗa zuwa ƙofa, ya dawo. Gumi kamar ya yi noma.

Juma'a, bayan la'asar

Yau ta ɓaci. Bayan masallaci jama'a suka biyo liman gaba ɗaya, ba yadda Yaya Hadda za ta tare liman. Aka shigo da babban kwanon kuskus, aka ajiye a gabansa. Ya ɗaga kai alamar bisimilla, ya ɓoye hannu a bargo.

Kafin magariba Mimun ya kira waya.

"Inna, an ce har yau Baba ba ya cin abinci."

"Yana ci. Wa ya ce maka?"

"Kowa. Duk wanda na tambaya sai ya ce tun da aka dawo da shi bai ga ya sa loma a baki ba. Inna, na san ba kya son a raba ku da gida, amma kada ki rufe ni."

Ni zan rufe shi! Na haife shi, yau ni ce maƙaryaciya. Amma me zan ce, gaskiya suka faɗa, ba wanda ya gani. Ya ce ya riga ya gyara ɗaki, ya sayi gado mai ƙarfe a gefe.

Litinin, bayan azahar

Rabha ta hau sama ta kamo ɗan kifi ɗaya a kwanon sha ta kawo masa. Ya sa yatsan hagu a gefen kwanon ya gwada. Kifin ya kusa kai tsawon yatsan, cikinsa ya yi ɓul-ɓul, jan ɗigon ya fito rangaɗau. Ta ce na sama kowa ya kama dutsensa, waɗanda aka bari a ƙarƙashin gada ma sun fara cika ido tun da wuri ya yi musu faɗi. Ba duka ba. Wasu ƙananan ba za su kai ba, ita ma ta sani, shi ma ya sani.

Ya daɗe yana kallon kifin. Sannan ya ce, "Mayar. Inda... kika ɗauko." Ta sake hawa tudun nan saboda kifi ɗaya, tana ƙunƙuni irin nawa.

Laraba, magariba

An gama tsinkar tuffa. Motocin da suke ɗibar ta sun tafi.

Alhamis, bayan sallar asuba

Na gaya masa ba kwana-kwana.

"Gobe Mimun zai zo da mota. Ba zai yarda da bakina ba, ba zai yarda da na Yaya ba. Ko ka ci a gabansa, ko ka tafi Miknas. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "Ɗana ne." Wato shi ya fi kowa wuya. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana ɗaga rago da hannu ɗaya.

Na ce, "Ɗanka ne, shi ya sa. Ni dai ba zan iya kwana a ɗakin nan ba kai ba, kuma ba zan iya hawa benen nan ba. Ka zaɓa mana."

Yau ko abincin ɓoyen bai ci da yawa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Mimun ya iso da hantsi, ya shimfiɗa bargo da matasai a kujerar baya tun kafin ya shigo. Ya ga uban a zaune, ya ga sanda, ya yi murna, amma ya ce a haɗa kaya duk da haka, tsayuwa ba ci ba ce.

Da azahar na kai kuskus da kabewa da naman rago, na ajiye a tsakaninsu. Na ɗauko zanen ƙirji, Bassu ya girgiza kai, na mayar. Yaya Hadda ta ja ƙofa ta zauna a waje. Ni na rakuɓe a lungu.

Mimun ya wanke hannu ya jira. Babba ne yake fara sa hannu, haka aka koya masa. Ya yi ta jira har tururin ya fara kwanciya. Na ga idon yaron ya koma kan jakar kayan.

Sai Bassu ya zaro hagu daga bargo. Ya ce bisimilla, kalmar ta fito a karkace. Ya dumbuza, ya kai baki. Rabi ya shiga. Wani guntun kabewa ya gangaro ta gemu ya faɗa a kan rigarsa, a ƙirji, inda kowa zai gani. Ya tsaya cak, kunnuwansa suka yi ja, ya kasa ɗaga ido.

Mimun ya miƙa hannu ya ɗauke guntun daga rigar ubansa, ya jefa a bakinsa, ya tauna. Ya ce, "Baba, Rabha ta ce Baba Assu ya kashe maka rabin bokiti. Gaskiya ne?"

Bassu ya ɗago. Ya ce, "Jaki ne."

Suka ci. Abin da ya zube, yaron ya tsince ya cinye, yana ta tambayar gurabun sama, hawaye yana bin fuskarsa bai share ba. Sai da suka ga ƙasan kwano.

Ɗazu Mimun ya tafi shi kaɗai. Na leƙa ta taga na ga yana naɗe bargon kujerar baya, Yaya Hadda tana loda masa dunƙulen sukari a wurin, wai ya rage mana. Tsohon yana can yana munshari, na gaske wannan karon, da kuskus a gemunsa. Ban share ba, kada in tashe shi.